Gem ɗaya, farashi biyu: amsoshin wasiƙunku na wannan makon

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna. Ƙanin matata da ke karatu a Ingila ya aiko wa ɗana mai shekara 11 da na'urar gem ta tafi-da-gidanka, Nintendo Switch, da kaset ɗaya a ciki. Yaron ya cinye wannan, yanzu ya tasa ni gaba sai na saya masa Minecraft. Da muka duba, a na'urar kusan dala 30 ne, a wayar mahaifiyarsa kuwa bai cika dala 7 ba. Shi da bakinsa ya ce min gem ɗin iri ɗaya ne. To don me za a ninka min kuɗi har sau huɗu? Ya dace gem ɗin irin waɗannan na'urori ya fi na waya tsada, ko kuwa cuta ce kawai ake yi mana?
Wani uba daga Unguwar Rimi

Amsa: Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Yaronka bai yi maka ƙarya ba. Minecraft ɗin da ke kan Switch da wanda ke kan wayar Android tushensu ɗaya, har ma mai waya da mai Switch kan haɗu ta intanet su yi gini wuri guda. Farashin da kuka gani ma haka yake a kantunan Amurka, dala 29.99 a Switch, dala 6.99 a waya. In muka ɗauki dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi, naira 45,000 ke nan a gefe guda, naira 10,500 a ɗaya gefen. A jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 72,000, ba wanda zai ga wannan tazara ya yi shiru.

Kuma ba Minecraft kaɗai ba ne. Stardew Valley, gem ɗin noma da kiwo da wani Ba'amurke mai suna Eric Barone ya haɗa shi kaɗai, dala 14.99 ne a Switch, dala 4.99 a waya. Among Us kyauta ne a waya, a Switch sai ka ajiye dala 5. Abin ma ya daɗe. Tun ina da shagon gem a Tudun Wada, lokacin da PSP, na'urar gem ta hannu ta kamfanin Sony, ke tashe, GTA Chinatown Wars ya fito a PSP da DS, takwararta ta Nintendo, a 2009 a kan sama da dala 30, farkon 2010 sai ga shi a iPhone a kan dala 9.99. Angry Birds kuwa ta ɗaya hanyar ya bi. Ya fara a waya a 2009 a kan ƙasa da dala ɗaya, da aka tattara kashi uku na shi aka zuba a kaset ɗin 3DS, magajiyar DS, a 2012, sai ya koma kusan dala 30. Tsuntsayen dai su ne, aladun ma su ne.

Kamfanonin suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne shirme ba.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta kaset. Ka ciro wanda ke cikin na'urar yaronka ka duba. Ɗan mitsitsi ne, bai fi faɗin babban yatsa ba, baƙi, da layukan ƙarfe masu ruwan zinare a bayansa. In ka ɗora shi a harshe za ka ji ɗaci kamar maɗaci, don da gangan Nintendo ke shafa masa wani sinadari saboda kada ƙananan yara su haɗiye. A cikinsa akwai ma'ajiya irin ta memori, kuma buga ta ya fi buga faifan CD tsada nesa ba kusa ba. Ga kwali, ga jirgi, ga kuɗin kwastan, ga ribar dila, ga ta mai shago. Duk wannan kuɗi ne na zahiri da gem ɗin waya bai san da shi ba. Wanda ya ce kaset ya fi tsada saboda haka, gaskiya ya faɗa, ba ni da ja.

Sai dai fa farashin da kuka gani ba na kaset ba ne, na saukewa ta intanet ne. Babu kwali, babu jirgi, kuma datarka za a ci. A nan hujjar ta fara rauni. Dalilin da ya sa na saukewa ba ya faɗuwa ƙasa da na kaset shi ne kamfani ba ya son ɓata wa masu shaguna rai. In ya karya farashi a kantinsa na intanet, wa zai ƙara shiga shago? Wato kai da ka sauke, kana biyan kuɗin zaman lafiyar kamfani da dilolinsa.

Akwai kuma maganar kason mai kanti. Ana cewa Nintendo na yankar kusan kashi 30 cikin 100 na duk abin da aka sayar a kantinsa. Haka ne, amma ai Apple da Google ma kashi 30 ɗin suka daɗe suna karɓa. A 2021 ne suka sassauta wa ƙananan masu haɗa manhaja zuwa kashi 15. Ko an ba su wannan, bambancin kashi 15 ba ya haifar da ninki huɗu.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce wai haɗa gem wa na'ura ya fi wahala. Gaskiya ne Nintendo na tantance kowane gem kafin ya shiga kantinsa, kuma tantancewar tana cin lokaci da kuɗi. Amma ni da nake zaune a shagon gyaran waya kullum, na san wahalar da ke ɗaya ɓangaren. Switch ƙira ɗaya ce, in gem ya tashi a kan guda ya tashi a kan duka. Android kuwa dubban iri ne. Yau a kawo min itel mai ƙaramar ma'ajiya, gobe Tecno, jibi Infinix, gata Samsung ta rabin miliyan, kuma kowa so yake gem ɗin ya tafi sumul a tasa. Bayan haka sai an sake zana yadda za a sarrafa shi da yatsa a kan gilashi, tunda babu maɓallai. Sau da yawa ma wani kamfani daban ake ɗauka a biya shi don ya mayar da gem na waya. Kada kuma a ruɗe ka da cewa na'urar ta fi waya ƙarfi. Ƙwaƙwalwar da ke cikin Switch ta farko, Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, tun 2015 aka ƙera ta, kuma wayoyi masu tsada na yanzu sun wuce ta.

To in ba kuɗin aiki ba ne, mene ne? Kasuwa ce, Yallaɓai. Tumatur ɗin da za ka saya a kasuwar Kawo ranar Talata shi ne dai za ka tarar an wanke an jera a babban kanti a unguwarku, kuɗin ya ninka. Mai kantin bai duba abin da ya kashe ba, ya duba wanda zai shigo ne. Mutumin da ya iya fitar da dala 200 ko 300 ya sayi na'urar da ba ta kira, ba ta WhatsApp, ba ta komai sai gem, ya riga ya nuna wa kamfani cewa shi mai biya ne. Mai waya kuwa don kira da hira ya saye ta, gem ɗin ƙari ne, in ka tsawwala masa ya wuce.

Amma akwai wani gefe da ya kamata ka sani kafin ka yanke wa Nintendo hukunci, kuma shi ne ya sa ban kira abin cuta kai tsaye ba. Ba farashin na'ura ne aka ɗaga sama ba, na waya ne aka danne ƙasa. Da Apple ya buɗe kantinsa na manhajoji a 2008, kowa ya samu damar zuba hajarsa, sai aka shiga rige-rigen karya farashi har aka tsaya a ƙasa da dala ɗaya, daga nan aka gangara zuwa kyauta. Mutane suka saba. A 2011 shugaban Nintendo na lokacin, marigayi Satoru Iwata, ya tsaya gaban taron masu haɗa gem a San Francisco ya yi gargaɗin cewa wannan araha za ta zubar da darajar sana'ar. Da yawa suka ce kishi ne kawai, tunda a shekarar ce ma aka tilasta wa kamfaninsa karya kuɗin 3DS daga dala 249.99 zuwa 169.99 watanni kaɗan da fitowarta.

Daga baya Nintendo ya gwada da kansa. A ƙarshen 2016 ya saki Super Mario Run a waya, farkonsa kyauta, in kana son sauran ka biya dala 9.99 sau ɗaya, shi ke nan. An sauke shi fiye da sau miliyan 200, amma kamfanin da kansa ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. Mutanen da ke biyan dala 60 don Mario a na'ura ba tare da ƙorafi ba, da suka ga dala 10 a waya sai suka ce an yi tsada. A 2017 ya fito da Fire Emblem Heroes, kyauta, amma da saye-saye a ciki, kuma wannan ne ya tara masa sama da dala biliyan ɗaya. Kamfanin Capcom ma ya gwada a 2023, ya kai Resident Evil 4 kan iPhone 15 Pro a kan dala 59.99, daidai da kuɗinsa a manyan na'urori, kuma bai samu kasuwar kirki ba. Darasin da kamfanoni suka ɗauka shi ne mai waya ba ya biyan kuɗi a bakin ƙofa, komai kyan gem.

Saboda haka dala 4.99 da ake sayar da Stardew Valley a waya ba ita ce ƙimar aikin ba. Mutumin ya shafe sama da shekara huɗu yana haɗa shi, ya fitar a kwamfuta a 2016, a Switch a 2017, sai 2018 ya iso iPhone, Android kuma 2019. Kafin ya iso waya masu kwamfuta da na'ura sun riga sun biya kuɗin aikin, abin da aka samu a waya riba ce a kan riba. Da a ce kowa dala 5 zai biya tun ranar farko, da yawancin irin waɗannan gem ɗin ba za a yi su ba, ko kuma a cika su da talla.

Ga ra'ayina a fili. Ya halatta gem ɗin na'ura ya fi na waya tsada a wuri biyu: in kaset ne da za ka riƙe a hannu, ka ba aro, ka sayar in ka gaji, ko kuma in akwai wani abu a ciki da na waya ba shi da shi. Ƙarin rabi ko ma ninki ɗaya a kan haka ba zan yi faɗa ba. Amma gem ɗaya, na saukewa, wanda ya shekara goma a kasuwa ya mayar da kuɗinsa ninkin ba ninkin, a ce har yau ninki huɗu ne, wannan babu wani dalili a bayansa sai don an ga za ka biya. Minecraft na Microsoft ne tun 2014, lokacin da ya sayi kamfanin Mojang a kan dala biliyan 2.5, kuma shi ne gem ɗin da aka fi sayarwa a tarihi. Ba wani ɗan tsurut ba ne da za a ce a tausaya masa.

Yanzu ga abin da kuɗinka zai saya a kowane gefe. A Switch yaron zai samu maɓallai na gaske, zai iya jona ta da talabijin, kuma su huɗu za su iya raba fuskar talabijin ɗin su yi wasa tare, shi da ƙannensa. Akwai kuma kayan Mario da aka haɗa a ciki. Sannan Hajiya za ta samu wayarta, wanda ni a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, don na ga gidajen da aka yi rigima a kan an kira uwa ana tsaka da gini yaro ya katse kiran. Abin da ba a faɗa maka ba shi ne, in zai yi wasa da abokai ta intanet a Switch, sai ka ƙara biyan Nintendo kuɗin rajista, dala 19.99 a shekara. A waya wannan kyauta ne, data kawai za ka sa.

Shawarata, kada ka sayi na saukewa a dala 30. Nintendo ba shi da kantin intanet na Najeriya, don haka sai an saita asusun a wata ƙasa, a sayi katin kuɗi na ƙasar daga hannun 'yan tsakiya, su ma su ɗora nasu, kuma nan ne 'yan damfara ke fakewa. Ka sa kawun nasa ya nemo masa kaset ɗin kwance a Ingila, can ana samunsa da sauƙi, kuma kaset ɗin Switch ba ya zaɓen ƙasa. Ko ka zaga shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Gumi, ka tafi da na'urar a gwada a gabanka kafin ka ba da ko sisi. In ya gaji da shi bayan shekara, za ka sayar ko ka yi musanya da wani. Abin da ka sauke kuwa ya maƙale a asusunka har abada, ba ya sayuwa. Su kansu kantunan ba dawwama suke yi ba, Nintendo ya rufe saye a kantin 3DS a watan Maris na 2023, alhali kaset ɗin Game Boy, tsohuwar na'urarsa ta 1989, har gobe in ka samu na'urar zai tashi.

In kuma aljihu bai ba da dama ba a wannan watan, ka saya masa na waya da zuciya ɗaya. Ba a rage masa komai na ginin ba.

Tambaya: Yaya, ni fa ban ga dalilin wannan muhawara ba. Ina buga eFootball da Call of Duty da Free Fire a wayata ban taɓa biyan kowa ba. Wanda ake sayarwa ma akwai inda nake samunsa an fasa. Masu sayen gem dala 60 ba almubazzarai ba ne?
Ɗalibi daga Tudun Wada

Amsa: Ƙanena, ka ce ba ka taɓa biya ba, to ka buɗe saitin wayarka ka duba wace manhaja ce ta fi shan data a watan jiya. Call of Duty na waya, tun fitowarsa a 2019, kullum ƙara ƙiba yake, kowane sabon zango sai ka sauke wani abu mai nauyi. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. Kana biya, sai dai ba mai gem kake ba, kuma ba a dunƙule ba, shi ya sa ba ka ji.

Sannan su waɗannan gem ɗin ba sadaka aka yi da su ba. An gina su ne a kan cewa cikin mutum ɗari, 'yan kaɗan za su kashe kuɗi mai yawa, sauran kuma su zama abokan karawar da za a riƙa lallasawa don masu kuɗin su ji daɗin abin da suka saya. Kai da kake buga eFootball ka fi ni sani. Ka haɗa ƙungiyarka da guminka, ka shiga wasa, sai ka ci karo da wanda ya jera tsofaffin zakarun duniya tun daga gola har gaba. Ka sha kashi sau uku a jere, kana fita sai ga tallan sabon katin ɗan wasa a gabanka, da agogo yana ƙirga sauran kwanakin da zai ƙare. Ba haɗuwa ce ta sa'a ba, tsari ne.

Wani yaro da ke koyon gyara a wurina ya taɓa nuna min lissafin abin da ya tura wa masu sayar da kuɗin gem a cikin zango ɗaya na karatu. Dubu biyu yau, dubu uku jibi, ranar da aka biya shi kuɗin aiki dubu biyar. Da muka tara, kuɗin ya isa sayen kaset mai kyau har da canji. Abin da ya fi damuna ba yawan kuɗin ba ne, yadda ake kashe su ne. Ba ɗan wasan da kake so kake saya ba, damar jefa ƙuri'a kake saya, ko ya fito ko kada ya fito. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin gem ɗinsa na ƙwallo, FIFA, a ƙasar a farkon 2019. Ni ba malami ba ne, ba zan ba ka fatawa ba, amma ka kai wa malaminku na Islamiyya bayanin yadda abin yake, ka biya kuɗi ba ka san abin da za ka samu ba, ka ji me zai ce.

Maganar fasasshen gem kuma. Na san yadda muka taso a garin nan. PSP ɗin da suka shigo Kaduna, da wuya ka ga wadda ake sa wa faifanta na asali, duk an buɗe su an loda gem a memori, yau kuma ga PPSSPP, manhajar buga gem ɗin PSP, a kusan kowace waya. Amma ka san abin da hakan ya jawo? Masu Monument Valley, wani ɗan gem mai kyau na dala 3.99, sun faɗa a farkon 2015 cewa kashi 5 cikin 100 kacal na waɗanda suka ɗora shi a Android ne suka biya. Wanda ya ga haka, gobe ba zai sake yin gem na biya-sau-ɗaya ba, zai yi mai talla da akwatin sa'a, don shi ba a iya fasa shi. Wato irin gem ɗin da ke tatsar ka yanzu, da hannunmu a cikin haihuwarsa.

Ga kuma ta kusa. Wayar da kake ɗora fasasshen fayil daga shafin da ba ka san mai shi ba, ita ce dai wayar da manhajar bankinka take, kuma nan lambar sirri ke shigowa. Ana kawo min irinsu, talla na faɗowa ko an kulle fuska, batir na zuƙewa kafin azahar, waya ta yi zafi tana aljihu. Mafi yawa sai an goge komai.

Wanda ya sayi gem dala 60 ya buga shi wata shida, ya sayar da kaset ɗin ya mayar da rabin kuɗinsa ko fiye, ban ga almubazzaranci a nan ba in yana da hali. Ka ci gaba da buga na kyauta, ba laifi, ni ma ina taɓa Dream League in shago ya yi shiru. Ka dai cire katin banki daga asusun Google ɗinka.

Tambaya: Malam, ina da 'ya'ya uku, babbar shekararta 12. Na tara 'yan kuɗi ina so in saya musu abin wasa saboda hutu, kuma muna yawan hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja wurin mahaifinsu. In sayi ƙaramar Switch ta kwance ko in ƙara waya ɗaya a gidan?
Uwar yara daga Malali

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su. Ki yi lissafin gem kafin ki yi na na'ura, don nan mutane ke faɗawa rami. Switch Lite, wadda ta fito a 2019, ita ce mai sauƙin kuɗi, amma ba ta haɗuwa da talabijin kuma hannayenta ba sa cirewa, don haka yaro ɗaya ne zai riƙe, biyu su zuba ido. Da 'ya'ya uku a kujerar jirgi, kin san abin da zai biyo baya kafin a kai Rijana. In za ki saya, ki nemi babbar, mai hannaye biyu da ake zarewa, a jingina ta biyu su buga lokaci ɗaya.

Abin da na'urar ta fi waya da shi a wurin uwa shi ne kin san abin da ke cikinta. Kaset ɗin da kika saya shi kaɗai za a buga, babu talla mai faɗowa da hoton da bai dace ba, babu TikTok, kuma ba ta buƙatar sabis, wanda dama yankewa yake yi a hanyar. Akwai manhajar iyaye ta Nintendo da za ki sa a wayarki ki ƙayyade musu lokaci. Waya kuwa gem ɗinta araha ne, amma ƙofa ce a buɗe, sai kin tsaya a kanta.

In kin je saye, ki sa a buɗe wurin gwajin sandunan sarrafa gem da ke cikin saiti, ki ɗauke hannu ki zuba ido. In alamar tana motsi da kanta, sandar ta fara lalacewa, kuma wannan ciwo ne sananne a Switch. Ana canzawa, amma a rage miki kuɗin. Ki tabbatar an cire asusun mai ita na da. In an ce miki an buɗe ta an cika ta da gem kyauta, ki sani Nintendo na iya toshe irin wannan daga intanet gaba ɗaya. Kaset biyu sun ishe su hutun nan, ɗaya na tsere da za su yi tare, ɗaya na gini.

Tambaya: Na jira shekara biyu kuɗin gem ɗin tsere na Mario Kart ya sauko, shiru. Sai yaushe?
Mai shagon ɗinki daga Kakuri

Amsa: Maigida, ka daina jira. Mario Kart 8 Deluxe ya fito a 2017 a kan dala 59.99, an sayar da sama da miliyan 60, kuma kuɗinsa na asali bai motsa ba, sai ɗan ragin 'yan kwanaki da akan yi jefi-jefi. Nintendo ba ya karya farashin gem ɗin da ya haɗa da kansa, don ya san babu inda za ka same su sai a na'urarsa. Abin ma gaba yake yi, da Switch 2 ta fito a watan Yunin 2025 a kan dala 449.99, sabon Mario Kart World dala 79.99 aka sa masa. Wanda ke kan waya, Mario Kart Tour na 2019, kyauta ne amma wani gem ne daban, kada ka ɗauka shi ne. Ka nemi kaset ɗin kwance wurin waɗanda ke sayar da tsohuwar Switch don su koma sabuwa. Tunda sabon ba ya faɗuwa, na kwancen ma yana riƙe kuɗinsa, ranar da ka tashi sayarwa ba za ka yi asara mai yawa ba.